Yaou Mai Goge Gilashin Rana

Yaou mutumin Dakwaro ne, fari ya cinye masa gona da awaki, ya koro shi Sabha a zamanin da kuɗin fetur ke zuba a Libiya kamar ruwan damina. Ya daɗe yana tsugune a unguwar Jadid cikin 'yan ƙwadago, yau aiki gobe zaman banza, kafin Allah ya ba shi abin da kowa ke kwaɗayi: aikin baladiya, wato hukumar gari, da takardar iƙama mai hana 'yan sanda taɓa mutum.

Baladiya ta yi alkawarin kewaye gari da itatuwa don a tare rairayi. Ta sa wani kamfani ya haƙa rijiya, ya kafa famfo mai aiki da hasken rana, a ƙasar da fetur ya fi ruwa arha. Aka jera baƙaƙen gilasai suna kallon sama, aka dasa itatuwa, aka damƙa wa Yaou. Injiniyan kamfanin ya nuna gilasan, ya kwatanta gogewa da hannu, ya shige mota. Iyakar karatun ke nan.

Yaou kuwa ba ya wasa da amana. Ya ga ruwan rijiyar yana barin farin gishiri a gilashin, tsumma ba ya fid da shi. To, a garinsu me ake yi wa kwano in ya yi kanta? A ɗebo yashi mai laushi da toka a dirje. Haka ya riƙa yi kullum da safe, bawan Allah, har da bisimilla.

Ruwa ya fara raguwa. Ya ɗauka datti ne, sai ya ƙara ƙarfin hannu. Gilashi ya dushe, famfo ya koma ɗiga, ganye ya soma zuba. Tsoro ya kama shi, don ya san in itatuwan suka mutu takardarsa za ta bi su. Ya ari jarka yana ɗauko ruwa a ka daga wata gona mai nisa, har wuyansa ya sage.

Ranar da injiniya ya dawo tare da mudir, shugaban aikin, ya shafa gilashi ya ɓata rai. Ya tambayi abin da ake gogewa da shi, Attahirou direban mudir yana fassara. Yaou ya ruga ya kawo kwanon yashinsa, yana murna za a ga bai yi lalaci ba.

Attahirou ya sunkuyar da kai. "Ɗan uwa, kai ka kashe gilasan nan, yashi ya kankare su. Da ka bar su da ƙurarsu, da yanzu ruwa na zuba."

Ba wanda ya zage shi. Mudir ya miƙa hannu kawai, a ba shi takardar. Ba a jima ba Yaou na bayan kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa iyaka. Da suka bi ta gefen itatuwan, sai ya hangi wasu 'yan ƙasarsu suna kakkarya busassun, za su hura wutar shayi.