Ranar da Ke Jikin Kati

Ɗana na fari ne, ba na faɗin sunansa, Babana nake ce masa. Kabu-kabu yake yi a Zango kafin ciwon ya same shi. Ya fara jin muryoyi suna zaginsa, alhali ba kowa a ɗakin. Muka yi na malamai, muka yi na hayaƙi, daga baya muka kai shi asibiti. Lokotoro ya ɗora shi kan ƙwayoyi, muryoyin suka ja baya. Sigari ce ba ta ja baya ba. Kara na mutuwa yake kunna wani, har yatsunsa suka yi ja. Ya ce in yana sha, kansa na yin shiru.

Sai tari ya kama shi, irin mai tsayar da mutum a tsakiyar magana. Lokotoro ya saurari ƙirjinsa ya ce mini, "Hajiya, in bai bar taba ba, ba kan ne zai kashe shi ba, huhun ne."

Da azumi ya zo na ga yana wuni bai sha ba. Na ce, "Babana, wanda ya iya wuni ai zai iya kwana." Ya yi dariya ya ce, "Inna, ke fa ba ki san ta ba." Amma ya gwada. Ƙanena ya aiko da buhun gyaɗa daga Hamdara, na zube masa a tabarma yana ɓarewa, don hannun ya samu abin yi. Na bi lungunan Birni har fadar samarin da yake zama, inda suke shan shayi. Su a ganinsu sadaka suke yi in sun miƙa masa kara. Na roƙe su. Babbansu ya ce, "Inna, daga yau ko toka ba zai gani a nan ba, aswaki za mu cika masa baki da shi."

Aka yi salla bai koma ba. Tarin ya yi sauƙi. Ya ce ashe miyar kukata tana da ƙamshi.

Wajen sati na uku da barin tabar, jikinsa ya mutu. Barci safe da rana, miyau na zuba a matashi, in ya miƙe sai ya dafa bango. Na tsorata. Na ɗauko katin asibiti. A ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, kuma abin da aka rubuta ina girmama shi ƙwarai. Katin ya ce mu dawo ranar kaza, saura kwana goma sha tara. Na ɗauka ba a zuwa sai ranar ta yi, kada a ce mun yi rashin ladabi.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta dube shi ta ce, "Ke, tabar nan ce ke riƙe da shi. Kin cire masa ginshiƙi."

Na yi kwana biyu ina juya maganar. A na uku na yafa mayafi na tafi wurin mai tebur, ni da ban taɓa riƙe sigari ba. Na sayo, na kawo wa Babana har da ashana. Ya daɗe yana kallon hannuna.

"Inna, kin tabbata?"

Na ce, "Sha, Babana."

Cikin kwanaki ya warware, ni kuma na yi ta godiya ga Allah.

Da ranar kati ta yi na ba lokotoro labari, har da ɗan alfahari. Ya ajiye alƙalami. Ya ce hayaƙin taba yana cinye wani kashi na maganin a jiki, to da ya bari sai maganin ya yi masa yawa. Rage shi kawai za a yi. "Da kin zo, Hajiya. Ranar nan ba ƙofa ba ce da aka kulle."

Azumi biyu sun wuce tun daga nan. Tarin ya dawo ya fi na da, yanzu ko masallacin Juma'a ba ya kaiwa sai ya huta a hanya. Na sha ce masa mu sake gwadawa, lokotoro ya san yadda zai yi da maganin. Ba ya faɗa, ba ya zargina. Sai ya ce a hankali, "Inna, na ga yadda na zama wancan karon. Ki bar ni haka."