Wayar Kawu Bawa Mai Jin Kunya

Duk wanda ya san Kawu Bawa na Lahodu ya san ba ya taɓa wayarsa sai ya yi mata sallama. Ku da kuka zauna da shi shaidu ne, ba ƙari nake yi ba. Zai zaro ta daga aljihun gaba, ya warware tsohuwar safar da yake naɗe ta a ciki, ya ce "Salamu alaikum," ya ɗan dakata kamar mai jiran amsa, sannan ya dangwala mata yatsa. In ka yi dariya ya harare ka.

"Cikinta cike da mutane, in hwaɗa musu babu sallama? Haka aka yi gidanku?"

Wan mahaifiyata ne. Sunan tsohuwarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai "Uwata", tun ina rarrafe har na zama malamar makaranta a Goronyo. Amma zama uwar tasa bai taɓa cetona daga tsiyarsa ba.

Wata rana na tarar da shi a ƙofar gida da waya a kunne, yana ta jero gaisuwa: ina gajiya, ina gida, ƙaƙa yara. Da ya sauke na tambaye shi da wa yake magana.

"Wagga baiwar Allah da ka ɗauka in na kira mutum ban same shi ba. Kullum ita ta, rani da damana, ta ce lamba ba ta shiga. Ko mai canjinta babu."

"Kawu, ai na'ura ta, ba mutum ba."

"Yo shi ya sa! Ni ko nic ce ɗiyar mutane ba ta ƙin amsa gaisuwa."

Washegari na sake jin yana gaishe ta. Na ce ba jiya muka gama wannan maganar ba? Ya ce, "Ita taƙ ƙi, Uwata. Ni ban ƙi ba."

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a cikin wayar nan akwai muryar matarsa, Gwaggo Hassi, kuma duk duniya babu ita a wani wuri sai nan. Kuskure ne ma ya kawo ta. Wata shekara albasa ta yi masa albarka har wurin ajiyarsa ya cika, sai ya lallaɓa ya zube sauran a ɗakin Gwaggo tana gidan biki. Ta dawo ta tarar ko wurin shimfiɗa tabarmar salla babu. Ta hau shi da faɗa, wayar kuwa tana aljihu, ya danne ta bai sani ba, ta naɗe komai. Bayan rasuwar Gwaggo ya ci karo da abin. Tun daga ranar, kullum bayan ya karya kumallo sai ya kunna ya sha faɗansa, sannan ya tafi fadama.

Matsalar ita ce Kawu ba ya goge komai. Hoto a wurinsa amana ne. Kuma me yake ɗauka? Albasa! Albasa a rege tun tana 'yar tsiro, albasa an dasa, albasa ta fara kai, albasa a buhu, albasa a bayan mota za ta kasuwa. Hoton jikokinsa bai kai yatsun hannu ba, amma kowace albasa da ta taɓa fitowa a gonarsa tana da nata. Wayar ta cika maƙil, ta fara nauyi, batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗaga.

Ya kai ta wurin wani mai gyara a Rabah. Mutumin ya jujjuya ta ya ce, "Baba, wagga sai an wanke ta dut, ta koma sabuwa."

"A wanke mi?"

"Komi da ac ciki. Mu yi mata wanka ɗaya."

"Wanka? Ta mutu na?"

Ya fizge wayarsa ya fice, sai da ya kai bakin titi ya lura ya baro takalmi ƙafa ɗaya. Bai koma ba. Ya ce mutumin da ke yi wa mai rai wankan gawa, ba ya sake taka rumfarsa ko don takalmi. Haka ya hau mashin ya koma Lahodu.

To, wata ranar kasuwar Goronyo da hantsi sai ga shi a gidana, da ƙullin albasa a leda, fuskarsa ba yadda na saba ganinta ba. Ko tsiyar da yake fara yi mini bai yi ba. Ya zauna ya ce wayar ta fara mutuwa da kanta, jiya sai da ta wuni ba ta farka ba.

"An ce kwamhutarki na iya kwashe abin da ac ciki. Uwata, Mai-ɗaki na nan ciki. In ta tahi da ita, na rasa ta sau biyu."

Mai-ɗaki yake kiran Gwaggo. Ban taɓa jin Kawu ya roƙi wani abu ba sai ranar, ga shi kuma na ga yadda batirin ya yi.

Na ɗauko kwamfutar, na jona igiyar caji, na kife wayar a kan tebur. Shiru. Wayar tana shan caji abinta, kwamfuta kuwa ko alamar ta san an kawo baƙuwa. Na cire na mayar, na cire na mayar. Kawu yana kallona ta ƙasan ido.

"Kin yi mata sallama?"

"Kawu, don Allah, aiki nika yi."

"Na ga aikin. Kin yi mata sallama?"

Don dai ya bar ni in sha iska, na ɗago wayar, na sa ya buɗe ta, na ce salamu alaikum da ƙarfi. Ina duban fuskarta sai ga tambaya a rubuce, tun ɗazu tana jira: ko an yarda kwamfutar nan ta ga abin da ke ciki? Na danna na yarda. Nan take kwamfuta ta yi ƙara, kaya suka bayyana.

Wayyo ni! Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kawu ya gyara zaman hula, ya dubi rufin ɗaki.

"Shekara nawa kika karantar da ɗiyan mutane, Uwata?"

Na yi kamar ban ji ba. Na zaɓi komai gaba ɗaya na ce ya wuce kwamfuta. Wani koren layi ya fito yana tafiya a hankali, muna binsa da ido. Ya yi ɗan nisa, sai ya cije. Muka jira. Na dama masa fura ya sha, layi yana nan inda yake. Na taɓa wayar, ta sanƙare, ba gaba ba baya, ga zafi ta ɗauka.

"Kunya taka ji," in ji Kawu. "Baƙo tag gani. Ke ran da anka kai ki gidan miji, ran nan kis saki jiki?"

Na leƙa maƙwabta na aro wata igiyar, don wata igiyar caji kawai ta iya. Na canza ramin da nake jonawa a jikin kwamfutar. Aka sake farawa daga farko, layi ya tafi, ya sake cijewa. Karo na uku Kawu ya yi tari, gwiwarsa ta bugi tebur, sai na ji kwamfuta ta yi ƙarar rabuwa da waya. A nan na lura kan igiyar ba ya shiga bakin cajin har ƙarshe, rawa yake yi. Na haska ramin wayar da tocila. Jama'a, a cushe yake tam.

Na ce sai na kashe wayar kafin in sa tsinke a ciki.

"Kashe ta? In ba ta tashi ba hwa?"

Gaskiyarsa ce. Na ce masa in mun bar ta haka ma ba za ta ba mu komai ba. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya juya mini baya, ya fuskanci bango, ya ciro carbi. "Yi. Amma kak ki gaya min sa'ad da kika yi."

Na kashe. Na ɗauko tsinken sakace na shiga tono a hankali. Garin goro ya fito, zaren aljihu ya fito, sai wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana suka faɗo a kan farar takarda, ɗaya, biyu, uku. Na ce, "Kawu, mi an nan kuma?"

Ya waiwayo, ya kai ido kusa, sai ya yi tsalle kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba.

"Irina na! Kak ki hura! Irin albasata na!"

Kun dai san irin nan. Shekara da shekaru manoman Wurno suna bin sa ya sayar musu ko cikin cokali, ya ƙi. Ashe a aljihun da yake sa waya nan yake ɓoye ƙullinsa, safar kuwa duk huji. Mutumin da minti ɗaya baya yake jan carbi da hawaye a ido, ga shi durƙushe yana tsince iri da ɗan yatsa yana cewa, "Ashe nan kunka shige, 'yan banza."

Na danna makunni. Fuskar wayar baƙa ƙirin. Na ƙara dannawa, na riƙe. Babu komai. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin hayaniyar masu awon hatsi daga kasuwa. Na fara shirya kalmar da zan gaya masa. Can sai ta yi ɗan motsi a tafin hannuna, haske ya kawo. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi.

Wannan karon igiya ta shige har da 'yar ƙara. Layi ya kama tafiya, amma da na duba abin da yake kwashewa, hotuna ne, albasa bayan albasa, kuma a yadda yake jan jiki har la'asar ba zai kai ga murya ba. Wayar ga ta ta soma zafi. Na tsayar da aikin.

"Mi kuma kiy yi?"

"Albasa ta jira, Kawu. Gwaggo za mu hwara hiddawa. Wane na nata?"

"Na ukku daga ƙasa." Sai kuma ya kama dariya har da riƙe ciki. "Yau kam an rama mata. Shekara arba'in tana cewa na sa albasa gaba da ita, ashe har cikin waya haka abin yake!"

Na ja na ukun daga ƙasa shi kaɗai. Kafin ya rufe baki ya wuce. Duk wannan wahala ta tun hantsi, abin da muke nema bai kai ƙiftawar ido ba.

Na kunna daga kwamfuta don mu tabbatar. Sai ga muryar Gwaggo ta cika ɗakina, tas, kamar yanzu ta ajiye mayafi: "Malam, ɗakina na ko kasuwar Goronyo? Ina nika salla? Bisa albasa?" Can ƙasa-ƙasa muryarsa tana cewa, "Na ji, Mai-ɗaki." Shi ma na zaune a gabana yana faɗa tare da na cikin kwamfutar, daidai wurin, ba ya kuskure ko ɗaya. Ina dariya ina share hawaye. Da faɗan ya kusa ƙarewa ya ɗaga hannu.

"Tsaida nan. Sauran nawa na."

Na tsayar. Na sa muryar a wuri uku, har da ɗan katin memori da ke shiga rediyonsa. Albasar ma daga baya na kwashe ta kaɗan-kaɗan, ba ta sake cijewa ba. Da zai tafi ya buɗe takardar nan, ya daɗe yana zaɓe, ya ɗora mini ƙwayar iri ɗaya a tafin hannu.

"Ga ladanki. Kak ki ba kowa."

Wadda tsinke ya fasa ce ya ba ni. Ya tafi da lafiyayyun biyu.

Wayar ba ta kai kaka ba sai ta mutu, mutuwar da ba farkawa. Da aka gaya mini, hamdala kawai na yi. Shi kuwa ya naɗe ta a safarta ya sa a ƙasan akwati, ya koma shan faɗansa a rediyo, kuma rediyon ma sai da ya riƙa yi masa sallama.

Bara Allah ya karɓi abinsa. Bayan addu'ar uku muna zaune mu mata a ɗakin Gwaggo, babbar 'yarsa, Yaya Asabe, ta ɗauko rediyon ta ce tana son jin muryar innarta. Aka kunna. Ɗakin makoki ya kaure da dariya, tsofaffi suna toshe baki da mayafi. Aka zo inda yake tsayarwa, hannuna har ya tafi, sai na tuna babu mai cewa a tsaida.

Faɗan ya ƙare. A cikin rediyon ana jin kaza tana ƙorafi a tsakar gida. Sai muryar Gwaggo, a sanyaye: "Malam, ka ko ci wani abu tun sahe?" Ya ce a'a. Ta ce, "Kai dai! Taho ga hura na aje maka. Bar albasag ga, gobe mu gyara ta tare."

Babu wadda ta sake dariya a ɗakin.

Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya jiƙan Gwaggo Hassi, ya yafe musu kurakuransu, ya haɗa su a gidan da ya ishe su su biyu har da albasar. Kawu ya ƙare kwanakinsa yana yi wa abin da ba ya amsawa sallama. Ya Allah, wannan karon ka sa ya ji an amsa masa. Amin.