Almakashin Kawu Tanko

Duk wanda ya san Kawu Tanko a garin nan ya san ba ya fara kallon fuskar mutum. Ka yi masa sallama, idonsa na kan ƙafarka. Sai ya ƙare wa yatsunka kallo tsaf sannan ya ɗago ya amsa, kuma amsar ta danganta da abin da ya gani a ƙasa. In farcenka a gyare yake, ka sami "Barka da zuwa, ranka ya daɗe." In kuwa ya tarar da abin da ya saba tararwa, sai ya ce, "Wa alaikumus salam. Noma za ka da su?"

Yayan mahaifiyata ne, kuma yankan farce ne sana'arsa tun ba a haife ni ba. Ku da kuka zauna a bakin tasha ko ƙofar masallacin unguwarmu a Keffi kun san ƙarar almakashinsa, tun daga nesa yake kaɗa shi a iska don a san ya iso. Kayan aikinsa ba su taɓa ƙaruwa ba: almakashi guda, 'yar wuƙar kankare gefen farce, soso, kwalbar ruwan sabulu da tsumma. Na taɓa sayo masa ɗan abin matse farcen nan na kanti daga Abuja, ina ganin na yi abin kai. Ya juya shi gaba da baya, ya gwada a kan tsinke, ya ce, "Sani, wannan ai cizo yake yi. In cizo ake so, kowa na da haƙori." Da shi ya riƙa buɗe kwalbar lemo har ya ɓata.

Ranar da aka je nema mini aure shi ne babba a tawagarmu. Ana tsakiyar magana, surukina, babban ma'aikacin gwamnati, ya harɗe a kan darduma yana jawabi, sai Kawu ya katse shi.

"Alhaji, maganar yarinya mun ji, mun gode. Miƙo ƙafar nan."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya yi turus, sannan ya miƙa. Haka aka ƙarasa maganar aurena ƙafar surukina na kan gwiwar kawuna. Da muka fito na fara yi masa ƙorafi, ya ce, "Rufe mini baki. Mutumin kirki ne, bai janye ƙafa ba. Auri 'yarsa."

To, na san abin da wasunku ke faɗa a bayana tun ranar jana'izar Kawu: wai mu ba ma kai tsoho gidan tsofaffi, wai na zubar da mutuncin dangi. Na ji. Ina kuke ranar da mai gidan haya ya fito masa da tabarma da buta waje don ya zuba ɗalibai a ɗakin? Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu ba wanda ya rayu har ya girma. Ni ɗaki biyu gare ni da yara biyar, kullum ina hanyar Abuja wurin aiki. Na zagaya dangi gida-gida, kowa ya cika ni da addu'a, ba wanda ya ba ni ɗaki. Sai na kai shi gidan da wata ƙungiya ta gina a bayan gari, ta hanyar Garaku. Ba kare kaina nake ba. Laifina na nan tafe, kuma ba wanda kuke zato ba ne.

Shugabar gidan, wadda kowa ke ce wa Madam, ita ta zagaya da mu ranar farko.

"Baba, ga fanka, ga talabijin, ga tayil har banɗaki."

Kawu bai kalli ko ɗaya ba. Tsofaffin da ke jere a falo yake bi da ido, ta ƙasa.

"'Yata, me ya sa kowa ke sanye da safa? Watan zafi muke."

"Wasu bayin Allah ne suka kawo kyauta."

"Allah ya saka musu. Amma mai safa a zafin nan, ko ɗan ƙwallo ne ko akwai abin da yake ɓoyewa. Waɗannan kuwa ban ga alamar ƙwallo a tare da su ba."

Kafin mako ya zagayo ya kafa kujerarsa a gindin mangwaron tsakar gidan, ya sa an tuɓe safa. Ba zan yi wa gidan ƙarya ba: ana ba su abinci sau uku, ana wanke zannuwan gado, ana ba da magani in akwai. Amma ma'aikatan 'yan kaɗan ne, kuma a cikinsu ba mai durƙusawa. Tsoho kuwa hannunsa na rawa, idonsa ya dushe, ƙafarsa ta yi masa nisa. Akwai wadda ya yanke wa farce ta fashe da kuka, ta ce rabon da wani ya riƙe ƙafarta tun mijinta na da rai.

Mutanen da ke wuni gaban talabijin ba mai ce wa wani uffan sai ga su a gindin mangwaro, Musulmi da Kirista, ana layi ana gardama. Kawu ba ya aikin kyauta. Ladansa ɓarin goro ne, wanda ba shi da goro ya ba da labari. In labarin bai yi masa daɗi ba, sai ya bar wa mutum ƙaramin yatsa ba yanka, ya ce a dawo mako mai zuwa da wanda ya fi.

A nan ya sami abokin faɗa, Baba Yakubu, tsohon malamin firamare daga Agwada, mai fama da ciwon sukari. Ɗakinsu ɗaya. Ranar Lahadi Kawu ke tashinsa ya shirya zuwa coci, shi kuma ranar Juma'a ya riƙa yi wa Kawu tsiya cewa ya makara.

"Malam, shekara nawa ka yi kana koyar da tsafta a aji?"

"Talatin da 'yan kai."

"To yara sun ji. Ƙafarka ce ba ta taɓa zuwa makarantar ba."

A ƙafar Baba Yakubun ya ga abin da bai yi masa ba: wani ɗan miki a gindin yatsa, ya fara baƙi. Ya faɗa wa Madam, ta ce za a duba. Ya sake faɗa, ta ba da man shafawa. Karo na uku ta ce, "Baba, kai likita ne?" Ya ce, "A'a, amma ni na leƙa."

Wata Asabar, ina gidan na kai masa ziyara, sai ga ƙungiyar wasu mata daga Abuja da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, har da mai ɗaukar hoto. Aka raba wa tsofaffi sabuwar safa, aka jera su a kan fararen kujeru, aka tara buhunan a gabansu yadda za su fito sosai. Kawu na zaune kusa da Baba Yakubu ya haɗe rai.

"Baba mai hula, ɗan murmushi mana," in ji mai hoton.

Kawu ya jawo ƙafar abokinsa ya ɗora kan gwiwa yadda ya saba, ya zare safar a hankali.

"Ɗan nan, sauko da na'urarka ƙasa. Fuskar ba abin da ya same ta."

Warin ya riga ya isa layin gaba. Cikin matan akwai ma'aikaciyar jinya, ta matso ta duba, ta sa aka ɗauki Baba Yakubu a motarta zuwa asibiti. An yanke masa yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Ni kuwa ranar har na yi dariya a hanyar gida, ina cewa Kawu ba ya canzawa.

Ranar Litinin Madam ta kira ni ofishinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce almakashi ɗaya a kan ƙafar kowa, ga masu ciwon sukari, in ya yanki wani ko ya ɗauko cutar wani ya sa wa wani, wa za a kama? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Na ce ai a ruwan zafi yake tsoma shi, in ana so in sayo maganin wankewa. Ta ce dokar gida ba ta yarda da abu mai kaifi a hannun tsoho ba. Wata huɗu yana yanka a tsakar gida dokar na barci, sai da aka zare safa gaban baƙi ta farka.

"To wa zai riƙa yanke musu?"

"Za a duba. Malam Sani, ka zaɓa: ko almakashin ya bar gidan nan, ko su tafi tare."

Ina zan kai shi? Na tsaya a baranda na lissafa dangi ɗaya bayan ɗaya, na dawo inda na fara. Sai na nufi gindin mangwaro da ƙaryata a baki.

"Kawu, kawo almakashin in kai a wasa maka. Na ga ya fara dakushewa."

"Ni nake wasa abina tun kana goye."

"Wannan maƙerin na'ura gare shi."

Ya dube ni, a fuska, ya daɗe. Sannan ya naɗe almakashin da 'yar wuƙar a tsumma ya miƙo.

"To. Ka ce masa kada ya taɓa kusar tsakiya."

Na kai gida na jefa a saman kwaba. Duk ziyarar da na je bayan nan, kafin in zauna zai ce, "An wasa?" In ce saura kaɗan. Wata rana ya ce, "Maƙerin nan aikin Hajji ya tafi?" Da na koma ya ce, "Alhajin ya dawo? Ka yi masa barka da sauka." Daga baya ya daina tambaya, ni kuma, Allah ya gani, daɗi na ji da ya daina.

Zaman gindin mangwaro ya watse, kowa ya koma gaban talabijin. Kawu ya rage fita, sannan ya daina sam. Madam ta ce tsufa ne, na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Nakan kai masa burodi da ayaba, in zauna a bakin gado rabin hankalina na kan waya. Rannan na lura shi ma safa ce a ƙafarsa, har na tsokane shi.

"Kawu, ka shiga ƙwallon ne?"

"Gola suka ba ni. Ba sai na motsa ba."

Na yi dariya na tashi na tafi. Ƙafar na nan kusa da hannuna, ban taɓa ta ba.

Ya rasu wata Laraba da hantsi. Aka kawo shi gidana don a yi masa sutura. Baba Yakubu ya biyo motar, yana ɗingishi da sandarsa, ya tare ni a ƙofa kafin in shiga wurin wanka.

"Ɗana, ka bi ƙafarsa a hankali."

Na ce me ya samu ƙafar? Ya ce ai Kawu ya yi shekaru ƙugunsa ba ya barinsa ya kai hannu yatsunsa. Da yana gari, wani abokin sana'arsa a tasha ke yanke masa. A gidan tsofaffi kuma Kawu ya koya wa shi Baba Yakubu, yana yanke masa yana shan zagi. Tun da almakashi ya tafi ba a sake ba.

"Me ya hana ku gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce in ka ji za ka zo ka yi rigima, a kore shi, ka rasa inda za ka kai shi."

Ni da limamin unguwa muka shiga. Safar ta manne, sai da muka jiƙa ta da ruwan ɗumi sannan ta fita. Farcen babban yatsa ya lanƙwashe ya nutse cikin nama, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Sauran sun yi kauri sun karkace, kowanne ya hau na kusa da shi. Ba tsufa ne ya zaunar da shi ba. Takawa ce ba ya iyawa.

Na fita da gudu na sauko da tsumman nan daga saman kwaba, na dawo na durƙusa, na ɗora ƙafarsa kan gwiwata. Liman ya riƙe mini hannu.

"Malam Sani, ba a yanke wa mamaci farce. Yadda ya cika haka zai tafi."

"Malam, ko babban yatsan kawai."

"Lokacinsa ya wuce. Zuba ruwa."

Na zuba. Haka muka naɗe shi a likkafani, haka muka kai shi.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa tsayuwa ranar da kowa zai tashi ba takalmi. Ni kuma Allah ya yafe mini. Shi na san ya riga ya yafe tun kafin in roƙa, abin da ke cin raina ke nan.