Daminar da Ba Mu Gaya wa Autarmu Ba

Autarmu guguwar teku take bincike a kai. Haka nake gaya wa mutane a Nasarawan Doya idan sun tambaya, su gyaɗa kai don kara, tunda duk cikinmu babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya fi dam girma. Tana can ƙetare, ita da abokan aikinta suna lissafin inda guguwa za ta faɗa tun tana tsakiyar ruwa. Wani gyara da ta yi wa lissafin ya sa yanzu ana sanar da mutane da wuri, su kwashe yara da tsofaffi su bar bakin teku. An nuna mini ita a waya tana bayani da Turanci. Ban gane ko rabi ba, na dai ga ta rame.

Ta taɓa gaya wa Inna, mahaifiyarmu, cewa da yawan guguwar nan daga hadarin da ke wucewa ta kanmu suke farawa, su yi yamma har su faɗa teku. Inna ta riƙe wannan. Hadari na haɗowa sai ta leƙo tsakar gida ta ce, "Ku gaya wa yarinyar nan ga wani aikin mun turo mata."

Wata damina Inna ta kwanta. Ƙafa ce ta fara kumbura, sai ciki. Da muka dawo daga asibiti a Makarfi ta kira ni ta ce, "Kada wanda ya tayar wa yarinyar nan hankali, lokacin aikinta ne." Ko ba ta faɗa ba, haka muka taso muka tarar, na nesa ba a ba shi mugun labari. Mai ciwo a wurinmu kullum da sauƙi yake, har ranar da za a ɗauke shi.

Idan ta bugo ta ce, "Yaya, ya jikin Inna?" sai in ce da sauƙi, ɗan zazzaɓi ne. Inna ta karɓi wayar, ta gyara murya, ta hau yi mata faɗan rashin cin abinci. Bayan an kashe sai ta daɗe a kwance tana mayar da numfashi.

Da hantsi ta rasu, ana yayyafi. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta. Ban yi kuka ba. Abin da na fi tunawa shi ne taɓon da ya liƙe wa takalmina, ina zaune ina kankare shi da kara, mutane suna yi mini gaisuwa ina amsawa.

Kawu, ƙanen Inna, ya ja ni zaure ya ce, "Kira ta. Ka ce jikin ya matsa, ta taho. Mace ita kaɗai a ƙasar wasu, wa zai riƙe ta in ta faɗi?"

Na kira. Ina jin hayaniyar ofis a bayanta. Ta ce wata babbar guguwa ta nufi wasu garuruwan gaɓa, tun shekaranjiya a kanta suke. Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Sai ta ce, "Yaya, tsakaninka da Allah. In abin gaggawa ne, yanzu zan ajiye komai in nemi jirgi. In zai iya jira guguwar nan ta sauka, zan tsaya."

Kawu ya zuba mini ido. Na duba, na ga babu sauran abin da za a yi wa gaggawa. Na ce, "Zai jira."

Ta tsaya ta gama aikinta. Guguwar ta faɗa inda suka ce, ta yaye rufin gidaje, amma ta tarar masu gidajen sun tashi.

Lokacin da ta iso an naɗe tabarmin makoki, babu wata alama a ƙofar gida. Ta shigo tana jan akwati, ta wuce mu kai tsaye ɗakin Inna tana sallama. An share ɗakin, gadon ba katifa. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta faɗi ba, kamar yadda Kawu ya ji tsoro.

"Yaushe?"

"Ranar da na kira ki."

"Yaushe ta kwanta?"

"Tun farkon damina."

Ta buɗe akwatin a tsakar gida, ta fito da na'urar awon jini da bargo mai laushi, ta miƙa wa Kawu ta ce ya yi amfani da su. Ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ni ma ban ji komai ba, sai gajiya.

Har yau muna waya. Tana gaishe ni da ladabi, ta yi zancen rake da farashin taki. Bara hawan jini ya kwantar da ni, kafin ƙannena da ke nan kusa a Kudan su ji ita ta ji. Ashe mai shagon magani na bakin kasuwa take kira duk mako. Ni kam, tun daga ranar da ta zo ta tarar babu Inna ba ta sake tambayata lafiyar kowa ba.