Hujin Tagar Ɗakin Yadi

Ina aji uku na sakandare, shekarun da arzikin man fetur ya sa kowa a Fagge sayen babur, malaminmu na kimiyya, wani Ibo mazaunin Sabon Gari, ya ba mu labarin wani malamin Larabawa na zamanin dā. Shi ne ya nuna cewa ido ba ya jefa haske, haske ne ke shiga ido. Da ɗaki mai duhu da ƙaramin huji ya tabbatar.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bakin gardama. Na kai zancen zauren maƙwabcinmu, wani tela mai zafin kai. Ya yi dariya.

"Ƙaryar boko! In ido ba ya jifa, me ya sa na mage ke ƙyalli?"

"Baba, zo da azahar ka gani."

Mahaifina ɗan Kantin Kwari ne, yana da ɗakin ajiye yadi a gida. Na huda tagar kwanon ɗakin da ƙusa, na rataya farar shadda a bangon da ke fuskantarta. Ko kusa ban tuna tagar tsakar gidan telan take kallo ba.

Telan ya shigo, na rufe ƙofa. Da idonmu ya saba da duhun, sai ga bishiyar gwanda a jikin shaddar, kai a ƙasa. Sai ga matarsa, wadda ko zaure ba ta leƙawa, tana shanya ba ɗankwali, ƙafafu a sama.

Na buɗe baki zan ce ka gani, mari ya rufe shi.

"Ɗan iska! Tun yaushe kake leƙen iyalina?"

Ya laluba ya kama sandar awon yadi, mai bakin ƙarfe. Ta farko a kafaɗa, ta biyu a haƙarƙari. Na faɗi kan dilar yadi ina rantsuwa yau na huda, bai ji ba. Ta uku ta same ni a idon hagu. Na ji ɗumi na bin kuncina, na kurma ihun da ya fito da innata ba takalmi.

A asibiti likita ya haska tocila, ya girgiza kai.

Har yau ina jin haushin telan, ina kuma jin kunyar baiwar Allahn nan da ba ta san hawa ba. Gardama dai na ci. Haske ne ke shiga ido. Na hagun nawa tun azahar ɗin nan bai sake shiga ba.