Injin Dizal a Motar Dinar Wali

A duk kwarinmu, daga garin Booni har inda hanyar mota ta ƙare, babu wanda Dinar Wali bai taɓa zagi ba. Ya zagi fasinja, ya zagi ɗan sanda, ya zagi akuyar liman da ta kwanta masa a tsakiyar hanya. Mutane na haƙuri da bakinsa ne saboda hannunsa. Tun yana da baƙin gemu yake jan tsohuwar motar jif a gefen dutse, kogi na ruri can ƙasa, bai taɓa zubar da ko buhun dankali ba.

Jif ɗin ta girmi yawancin masu hawanta. Kwancen soja ce, an sayo ta a gwanjo bayan an sayar da lambun tuffa da mahaifinsu ya bari, saboda haka rabi na Dinar ne, rabi na ƙanensa Zarmast. A baki ke nan. Zarmast ya iya tuƙi sarai, a Peshawar ya koya, amma bai taɓa zama bayan sitiyarin nan ba. Makullin na rataye a wuyan Dinar da igiyar fata, ko wanka zai yi ba ya cirewa.

"Yaya, ni ma fa da haƙƙina a motar nan," Zarmast kan ce.

"Ai na bar maka shanu. Je ka ba su ciyawa, suna kuka."

Haka suka tsufa, katanga ɗaya tsakanin gidajensu, matansu na miƙa wa juna gishiri ta samanta in mazan ba sa nan.

Sai wata kaka injin ya buga a kan hawa. Bakaniken Booni ya buɗe, ya leƙa, ya goge hannu ya ce wannan ya gama aikinsa a duniya. Ko dai a yi ta jiran kayan gyara daga Rawalpindi, waɗanda ba lalle a samu ba, ko a ɗora injin dizal na hannu, kamar yadda sauran masu jif suka yi tuntuni.

To, dizal kuwa Dinar ba ya ko son jin warinsa. In sanyi ya kankama a nan, dizal daskarewa yake a tanki kamar man shanu. Kullum safiya za ka ga direbobi a tasha a tsugune, kowa ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin motarsa yana fifita har man ya narke. Shi kuwa Dinar mai fetur murɗa makulli ɗaya yake yi. In ya zo wucewa sai ya rage gudu, ya leƙo da kai: "Sannunku masu gasa mota! In ta gasu ku aiko min da cinya!" Shekara da shekaru suna haɗiye wannan.

Zarmast ya ce dizal za a sa, don tsohon injin shan fetur yake kamar mai huce haushi.

"In sa injin niƙa a cikin motata?" in ji Dinar.

"Motarmu dai."

"Kai da uban wa?"

"Ni da ubanka, Allah ya ji ƙansa."

Saura kaɗan a ba hammata iska. Bayan sallar Juma'a dattawa suka zaunar da su, aka kawo shayi mai gishiri ya huce babu wanda ya taɓa. Hukunci ya fito: dizal za a sa, Zarmast zai sayar da bijiminsa ya biya. Amma Zarmast ya kafa sharaɗi, dattawa suka yarda. Duk ranar da fasinja suka taru mota ba ta fita ba, makulli ya koma hannunsa. Dinar ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce sai dai in a wuyan gawarsa za a kwance shi.

Aka yanke ƙarfe, aka yi walda, aka matsa wannan aka ja wancan, injin ya zauna. Abin haushi, ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. Hawan da a da sai an sauke mutane su tura, yanzu da kaya niƙi-niƙi motar take haye shi. Dinar bai taɓa yabawa ba. In an tambaye shi sai ya tofar da yawu ya ce ƙararsa na sa shi ciwon kai.

Ranar da sanyin farko ya sauka, dusar ƙanƙara ta rufe har bakin ƙofa. Jif na cikin rumfar katako da ke bayan gidajen biyu, inda Zarmast ke tara ciyawar da shanunsa za su ci har bazara. Dinar ya shiga ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, haka. Ya zage shi da duk abin da ya iya, ko gezau.

Matarsa Gulsambar ta leƙo da mayafi a baki. "Malam, ka kira direbobin tasha su taya ka turo ta waje, ka sa garwashi kamar kowa. Mene ne a ciki?"

"In tsuguna da mafici a gaban waɗancan? Kina da hankali kuwa?"

Daga bayan katanga muryar Zarmast ta taso, har da 'yar dariya a ciki: "Yaya, rana ta fito fa. Mutane sun cika tasha. Ko in zo in karɓa?"

Nan zuciya ta ɗebe shi. Tsoro ne ya kama shi, tsoron ya ga ƙanensa a kujerar nan, shi kuma yana tsaye a gefen hanya kamar baƙo. Ya kori matar, ya ja ƙofar rumfa ya rufe don kada ido ya gan shi. Duk shekarun nan dariya yake yi wa masu kasko, bai taɓa tsayawa ya kalli yadda suke yi ba. Bai san sai wuta ta mutu ta bar garwashi zalla ake turawa ba, kuma a fili, ba a ɗaki ba. Ya zaga cikin gida ya kwaso itace mai ci daga murhu, ya dawo ya sake rufe ƙofar, ya ga kamar ba ya sauri, ya tsiyaya masa kananzir, ya tura ƙarƙashin tanki.

Ƙasan motar kuwa baƙin mai ne na shekaru ya yi kauri, ga ciyawa a warwatse ko'ina. Kafin ya miƙe harshen wuta ya kama tamfol ɗin motar.

Direbobin tasha ne suka fara ganin hayaƙi. Su suka ɓalle ƙofar, su suka jawo shi waje gemu a babbake, yana fizge-fizge zai koma. Aka yi ta watsa ƙanƙara da shebur da bokiti, ina! Kafin hantsi rumfa ta zube. Jif ta zama baƙin ƙarfe a kan ƙafafun da babu taya, ciyawa kuwa ko ƙwaya ba ta tsira ba. Babu wanda ya yi masa gori a cikin direbobin, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Zarmast na tsaye gefe, hannu a hammata, yana kallon tokar. Dinar ya tako a hankali, ƙafa ɗaya babu takalmi. Ya sunkuyar da kai ya zare igiyar daga wuyansa, ya miƙa.

"Yau mota ba ta fita ba," ya ce. "Ungo."

Zarmast ya dubi makullin, ya dubi wansa, hawaye ya zubo masa, na baƙin ciki da na fushi a haɗe.

"In buɗe me da shi, Yaya? Tun muna samari nake roƙonka. Ko sau ɗaya, ko daga nan zuwa gada."

Ya juya ya nufi garkensa, inda shanu ke kukan yunwa. Dinar ya tsaya a wurin da hannu a miƙe, har mutane suka watse.