Na'urar da Ba Ta Riƙe Magana

A ƙarshen baranda ɗakin yake, a wata cibiyar koyon kwamfuta kusa da Tudun Ƙofa, inda na yi aikina na fari. Ba shi da taga sai 'yar ƙarama can sama. Idan rana ta karkata, haske kan sauko ta nan ya kwanta a kan babbar na'urar da muke kira saba, ni kuma in zauna ina sauraren gunjinta har in manta inda nake. Na'ura ɗaya ce a ido, amma a cikinta akwai kwamfutoci da yawa marasa jiki, kamar gidan haya, kowa da ɗakinsa. Ɗalibai a zauren karatu da su suke aiki. Nakan ji kamar in na kasa kunne sosai zan ji 'yan hayar suna hira.

Mama ce ke share mana. Dattijuwa ce 'yar Mada daga wajen Panda, tana zaune Gangaren Tudu da jikokinta, kuma ita ke fara buɗe ƙofa kowace safiya. Injiniya take ce min, da tsokana. "Injiniya, ɗaga ƙafa, matarka ta ci ƙura." Matata wai na'urar ke nan.

To, sai matar tawa ta fara iskanci. A zo da safe a tarar fitilunta na ci, fankarta na juyawa, amma babu kwamfutar da ke amsawa a zaure, tamkar an zare mata waya. Maganinmu kuwa ɗaya ne, wanda muke yi wa rediyo da talabijin da wayar hannu: a kashe a kunna. Oga, mai cibiyar, ya fi kowa imani da wannan magani. Kafin in iso ya danna, komai ya dawo, yana tsaye yana huci.

Da abin ya yawaita, sai ya nemi mai laifi. Wa ke shiga da safe? Mama. Me take riƙe da shi? Tsintsiya. Shi ke nan, an gama shari'a. A gaban ɗalibai ya ce tsintsiyarta ke bugun waya. Ta ce, "Oga, ban taɓa ba. Gefe nake bi." Ya ce ta zauna gida zuwa ƙarshen wata, in abin ya daina to ita ce, zai nemi wata. Raina ya ɓaci ƙwarai, wallahi, amma ba ni da abin nunawa.

Ita na'ura irin wannan tana rubuta labarin kanta, layi bayan layi: na ji zafi, wane ya shigo, abu kaza ya ƙi amsa min. Log muke ce masa. Na buɗe in karanta, sai na ga labarin ya fara daga lokacin da Oga ya danna, babu ko harafi na kafin nan. Ashe wanda ya sayar mana da ita a Abuja kan ɗan filashi, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ɗora tsarinta, kuma da ta ga filashin ba zai ɗauki yawan rubutu ba, sai take riƙe labarin a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ke shafewa da zarar wuta ta yanke. Kai! Wato duk safiyar da muka ba ta maganinmu, mun goge bakin shaida da hannunmu.

Gyaran ba wani abin a zo a gani ba ne. Na buɗe folda, wato jakar zuba rubutu, a babban faifan ajiyarta, na sa mata suna, na shiga saitin na nuna mata cewa daga yau nan za ki riƙa zuba maganarki. Na sake kunna ta don ta karɓa. Na leƙa foldar na ga layuka sun fara taruwa, na kashe na kunna, suna nan daram. Na roƙi Oga kada ya sake taɓa ta sai na zo. Ya ce ni da iyayi.

Sai jira. Ban taɓa zaton zan yi addu'ar abin da nake kula da shi ya lalace ba, amma na yi. Ita kuwa ta lafa, kamar ta sani. Damina ce, ruwa kan sauka da la'asar, garin ya yi sanyi, ni ina zaune ina kallon layuka na gangarowa a allo har idona ya lumshe, in ga kamar Mama ce ke wucewa ta bayana da bokitinta. Kowace safiya lafiya, kowace safiya Oga na min kallon ka gani ko. Ƙura ta fara taruwa a baranda.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare ruwa ya ɗauke, aka yi rana mai zafi. Washegari na tarar da Oga a bakin ƙofa, hannu a aljihu, zaure shiru. Na buɗe foldar. Ga shi nan a rubuce: da yamma, bayan an tashi an kashe na'urar sanyaya ɗaki, katin da ke haɗa ta da zaure ya yi ta kukan zafi har ya daina amsawa. Babu wanda ya taɓa waya. Oga ya karanta, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, je ka ce wa Mama ta dawo."

Na same ta a ƙofar gida tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai da murna, zafi da kati da folda, har ina haɗa kalmomi. Ba ta daina ɓarewa ba.

"Wato na'urar ce ta faɗa?"

"Ita ce, Mama. Yanzu duk abin da ta ce yana ajiye."

Ta hura ɓawon da ke tafin hannunta, ta dube ni.

"Ɗana, ai ni ma na faɗa. Tawa maganar ce ba ku ajiye ba."